Lambun Sarki da Lambun Bature: Gaskiya ko Jita-jita?

A majalisar direbobi da ke bakin tashar Utako, ko a teburin mai shayi bayan kasuwa, hira takan juya da zarar wani ya miƙo waya yana nuna hotunan gidajen manyan Ingila: ciyawa kore shar iya ganinka, tafki kwance a tsakiya, barewa na kiwo a gindin itatuwa. Wani zai ce, "Su dai Allah ya ba su ƙasa." Wani ya karɓe, "Mu ai ba mu gaji wannan ba, lambu a wurinmu na albasa ne." Na uku, wanda yake ganin ya fi kowa sanin gari, sai ya rufe da cewa, "Lambu a Abuja? Gidan giya ne mai itatuwa." A cikin maganganun nan uku akwai wadda ta kusa gaskiya, akwai wadda ta yi rabi, akwai wadda ko hanyar ba ta kama ba. Akwai kuma wasu da ake yi idan an riga an shiga lambun, musamman da magariba ta kawo kai.

"Mu ba mu gaji wannan ba"

Wannan ita ce ta fi yawo, kuma Bakano ne ya kamata ya fara ƙaryata ta, domin ya saba ganin shaida a kan doki. Hawan Ɗorayi da Hawan Fanisau ba komai ba ne illa fitar sarki daga birni zuwa gidajensa na bayan gari, ya wuni can da jama'arsa, ya sha iska, ya karɓi gaisuwa, da yamma ya komo. Sarakunan Kano sun daɗe da irin waɗannan gidaje, kewaye da gonaki da itatuwa. Fanisau, wadda yanzu take kusa da filin jirgin sama, Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya mayar da ita ribaɗi don tare abokin gabarsa Ɗantunku daga arewa. A can ne Baturen nan Clapperton ya je ya gaishe shi a farkon 1824, domin a lokacin sarkin yana can da rundunarsa.

Clapperton ya rubuta cewa abin da gidaje suka cinye a cikin ganuwar Kano bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Da ya isa Katsina a wannan shekarar, ya lissafa ɓaure da rumman da kankana da lemun tsami, aka kuma ba shi labarin cewa a da har inabi ake yi. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya hau Dala ya hango dabino da gwanda sun yi wa gidajen ƙasa rumfa. Gidan Rumfa kansa, wanda ya samo asali tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), yana da filayen itatuwa a cikinsa da ake kira sheka. A Katsina har gobe akwai wurin da ake kira Lambun Sarki, kuma har gobe ana noman rani a wurin.

Sai dai mai maganar albasa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Lambun Bahaushe na amfani ne kafin ya zama na kallo. Albasa, alkama, lalle, barkono, lemun tsami, a fadama ko a bakin rijiya, ana ban-ruwa da jigo. Wanda bai taɓa ganin jigo yana aiki ba ya yi asarar kallo: doguwar sanda a kan gwafa, an ɗaura mata curin laka a gindi, guga na reto a ɗaya bakin. Mai lambu ya danna igiya guga ya nutse, ya saki, nauyin lakar ya ɗago ruwan da kansa, ya juye a bakin kwalbati, ruwa ya bi fangali-fangali yana buɗe wannan da fartanya yana toshe wancan da ƙafa. Inuwa da ƙamshi da sanyi duk suna nan, amma a matsayin gyara, bayan an sami na miya. Abin da Turawa suka zo da shi shi ne ciyawar da ake shukawa don a aske ta kawai, da furanni a jere waɗanda ba a ci ba a sha, irin na unguwannin Turawa a Kaduna da Jos da Nassarawar Kano. To wannan kam ba mu gada ba. Amma fita bayan gari zuwa gidan gona mai inuwa, mun riga zuwan Gwamna Lugga da yin sa.

"Allah ne ya ba su ƙasa"

Allah ya ba su ruwan sama, wannan babu musu. Ciyawa ba ta sanin rani a Ingila yadda take saninsa a Gwarimpa. Amma shimfiɗar nan da ake gani a hoto, wadda ta yi kama da daji mai tarbiyya, yawancinta da hannu aka yi ta. Wani mutum mai suna Lancelot Brown, wanda aka fi sani da Capability Brown (1716 zuwa 1783), shi kaɗai ya tsara filayen manyan gidaje fiye da 170. A fadar Blenheim, inda aka haifi Churchill a 1874, tafkin da maziyarta ke ɗaukar hoto a bakinsa ba tafki ba ne tun asali. Brown ne ya datse wani ɗan kogi mai suna Glyme a shekarun 1760, ruwa ya taru ya cika kwarin. Ana haƙe tudu a kwashe ƙasarsa da amalanke a kai wani wuri, ana ciro manyan itatuwa da saiwarsu a sake dasa su inda ido zai fi son ganinsu. Har wata dabara suke yi: maimakon katanga, sai a haƙa dogon rami mai bango a ciki, wanda daga tagar mai gida ba a ganinsa, tumaki kuma ba sa iya tsallakewa. Injin yankan ciyawa bai zo ba sai 1830. Kafin nan, duk ciyawar da ke kusa da gidan mutane ne ke bin ta da dogon lauje tun da sanyin safiya.

Wani lokacin ma abin da ke tare wa mai gida kallo ba tudu ba ne, mutane ne. A Milton Abbas, cikin yankin Dorset, mai gidan ya sa aka rushe garin da ke maƙwabtaka da shi a shekarun 1770, aka gina wa mutanen wani ƙauye a bayan tudu inda ba zai riƙa ganinsu ba. Kuɗin kuma daga ina? Gidan Harewood da ke kusa da Leeds, wanda aka gina tsakanin 1759 da 1771 kuma Brown ya tsara filinsa, dukiyar rake ce ta tsibiran Karebiyan, gumin bayin da aka kwasa daga Afirka. Da Ingila ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, fam miliyan 20 ta ware na diyya, kuma iyayengijin aka biya, ba bayin ba. Masu Harewood na cikin waɗanda suka karɓa. A 2020 ƙungiyar National Trust, wadda ke riƙe da ɗaruruwan irin waɗannan wurare, ta fitar da rahoto da kanta cewa 93 daga cikinsu suna da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka. An yi ta cece-kuce a kan rahoton.

Kafin mu gyara zama mu ce ai ga irinta nan, sai mu waiwayi namu. Gidan sarki na Fanisau bai tsaya shi kaɗai ba, gandaye ne suka kewaye shi, na sarki da na attajiran birni, kuma bayi ne ke noma su. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya yi littafi guda a kan gandayen Fanisau, wanda ya fito a 2011. A ƙasar Zazzau rinji ake cewa, kuma Baba ta Karo ta ba da labarin rinjin gidansu a littafin da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1954: bayi su yi aikin gandun ubangida tun hantsi har azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Turawa sun ce duk ɗan da aka haifa daga 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta kwata-kwata a Arewa ba sai 1936. Ni dai ban ga bambanci mai yawa tsakanin hannun da ya riƙe lauje a Harewood da wanda ya riƙe garma a Fanisau ba, sai dai shi na Fanisau ko albashin ba shi da shi. Jikokinsu suna nan, kuma suna cikin masu tarbar sarki ranar hawa.

Abuja ma ba a kan fili fetal aka shimfiɗa ta ba, duk da cewa haka aka riƙa faɗa lokacin da aka yi dokar kafa ta a Fabrairun 1976. Utako, Jabi, Mabushi, Wuse, Maitama, duk garuruwan Gbagyi ne kafin su zama sunayen unguwanni. Mutanen Wuse aka kwashe su zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu ƙauyukan aka kai su Kubwa. Tsohon ƙauyen Utako har yanzu yana maƙale a tsakanin benaye. Idan ka ga rukunin tsofaffin mangwaro a wani fili da babu gida ko ɗaya, sau da yawa alama ce ta cewa a da akwai masu zama a wurin.

"Sarauniyar Ingila ce ta gina mana Millennium Park"

Jita-jita ce. Buɗewa ta yi, ranar 4 ga Disamba 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashe renon Ingila a zamanin Obasanjo. Wanda ya zana wurin ɗan Italiya ne, Manfredi Nicoletti. Faɗinsa hekta 32, rafi ya raba shi biyu: gefe guda an bar itatuwa da tsirran ƙasar nan, ɗaya gefen an yi shi a tsarin lambunan Italiya, da miƙaƙƙiyar hanya ta farin dutse da famfunan ruwa a jere. Shekarunsa ashirin da 'yan kai. Wanda ke neman lambu mai tarihi irin na ƙarni biyu ba zai same shi a cikin birnin nan ba. Gwamnati kanta sai 12 ga Disamba 1991 ta tare.

Maganar gidan giya kuwa, ita ce wadda ta kusa gaskiya, kuma babu amfanin a yi mata kwaskwarima. Tsarin birnin na 1979 ya ware filaye masu yawa don itatuwa da shan iska, musamman a bakin rafuffuka. Da yawansu an ba 'yan kasuwa haya, suka zuba kujerun roba, suka kafa wurin gasa kifi da manyan lasifikoki, wasu kuma aka wayi gari an dasa musu bulo. Magidancin da ya ce ba zai kai iyalinsa "gadin" da dare ba ya san abin da yake faɗa. Kuskurensa kawai shi ne ya yi musu kuɗin goro. Ya je Millennium Park ranar Sallah ya ga tabarmi da kulolin abinci da yara da sababbin ɗinki, ko bakin tafkin Jabi, wanda daga Utako ko a ƙafa ana zuwa, da safiyar Asabar lokacin da masu motsa jiki suka cika wurin. Tafkin nan ma, tun da ana maganar abin da hannu ya yi, datse shi aka yi.

Akwai kuma wani lambun da ba a lissafa shi, alhali shi ne ke ciyar da duk sauran: masu sayar da dashe a bakin titi. Duk inda rafi ya ratsa ƙarƙashin kwalta za ka gan su, dubban tsirrai a baƙar leda an jera su sahu-sahu, tulin taki a gefe, ɗan injin ban-ruwa yana tari a bakin ruwa. Da yawa daga masu wannan aiki 'yan Arewa ne da suka taso a fadama. Ka tambaye su sunan fure, su faɗa maka da Turancin da suka koya a bakin masu saye. Ka tambaye su sau nawa yake son ruwa a watan Maris, a nan ne za ka san da gwani kake magana.

"Itacen nan tun zamanin kakannin kakanni"

Ya danganta da itacen. Idan kuka ce, mai yiwuwa ne ƙwarai: gwajin kabon da aka yi wa wasu kukoki a kudancin Afirka ya nuna sun haura shekara 1,000, 'yan kaɗan ma sun kai 2,000. Tsamiya da rimi da ɗorawa su ma suna daɗewa. Amma idan ɗan rakiya ya dafa dogonyaro a ƙofar wata fada ya ce maka a gindinsa wani sarkin Haɓe ya yi shari'a, ka yi murmushi kawai. Dogonyaro, ko darbejiya, ko maina, ɗan Indiya ne, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Borno. Duk girmansa, duk kaurinsa, bai wuce shekara ɗari a ƙasar nan ba. Turare daga Ostireliya ya zo, mangwaro daga Indiya, gwaiba da kashu da gwanda daga nahiyar Amurka, itacen nan mai jan fure da ke ƙawata titunan Abuja kuma daga Madagaska. Tsamiya kuwa, wadda wasu littattafai ke jingina wa Indiya, 'yar Afirka ce. Wanda yake son ya gane tsohon wuri da gaske, gamji da ceɗiya da durumi da kanya zai duba, ba abin da ma'aikatar gandun daji ta raba ba.

"Kada magariba ta same ka a gindin itace"

Wannan gargaɗi iri biyu ne. Na tsofaffi ya shafi mutanen ɓoye, musamman a gindin tsamiya da kuka, kuma wannan ba abin da ma'auni ke aunawa ba ne. Kowa da abin da ya taso a kai. Na 'yan boko shi ne wai da dare itace yana shaƙe iskar oksijin ya fitar da ta kabon, har ya iya shaƙe wanda ya kwana a ƙarƙashinsa. Gaskiya ne itace yana numfashi, dare da rana ma. Amma a fili, inda iska ke kaɗawa, abin da yake fitarwa bai isa ya yi wa kowa komai ba. Mutum biyar a ɗaki ɗaya da taga a rufe sun fi shi ɓata iska nesa ba kusa ba. Tsuntsaye da birai a kan itacen suke kwana. Haɗarin gindin itace na gaske shi ne tsawa idan hadari ya taso, da busasshen reshe, da abin da ke ja da ciki.

Shi ma macijin an yi masa ƙazafi. Ana cewa furanni ke jawo shi, har wasu masu gida suna sa a tumɓuke komai a zuba siminti. Maciji ba ya cin fure, ba ya kuma bin ƙamshi. Ɓera da kwaɗo da ƙadangare yake bi, sai wurin ɓuya: tarin busasshen ganye, tulin bulo, itacen girki da aka jibge, ciyawar da ta yi tsayi ba a yanke ba. Lambun da ake sharewa ya fi kangon fili aminci. Takalmi rufaffe da fitila sun wadatar wa mai yawo da yamma. In kuwa tsautsayi ya faɗa, ɗaure ƙafa tamau da tsagawa da tsotsa duk ƙara ɓarna suke. Asibitin da ke da allurar kashe dafi za a nufa ba tare da tsayawa ba. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti sukutum na wannan aiki, saboda yawan kububuwa a yankin.

Sauro ma haka: a ciyawa yake fakewa da rana, amma a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa. Kwatami da tsohuwar taya da faranti a ƙarƙashin tukunyar fure su ne gidansa. Abin da ya fi cancanta iyaye su sa wa ido, kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne abin da yaro zai tsinka ya kai baki. 'Ya'yan bini-da-zugu da ake shinge da shi guba ne, zaƙami mai farin fure kowa ya san aikinsa, akwai kuma wani ɗan itacen ado mai rawayan fure da farin ƙaro wanda ƙwallonsa yana taɓa zuciya.

Masu cewa sai da damina lambu ke da kyau, kore kawai suke nema. Da hunturu ne gurjiya ke zubar da ganye ta yi jan fure a kan reshe tsirara, mangwaro ya yi huda ƙudan zuma su cika shi, ɗorawa ta rataye jajayen tutunta kafin bazara. Gawo ma nasa tsarin daban ne: da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Mai jan furen nan na Madagaska kuwa sai zafi ya kai maƙura, dab da saukar ruwa, yake kamawa.

"Ko'ina ana shiga in ka biya"

A Ingila kusan haka ne. An kafa National Trust a 1895, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu harajin gado ya yi wa masu manyan gidaje nauyi, wasu suka miƙa gidajen, wasu suka buɗe ƙofa suna sayar da tikiti da shayi don su iya gyaran rufi. Namu ba haka suke ba, domin ba su zama kufai ba. Gidan Rumfa gida ne da mutane ke kwana a ciki, sheka kuma tana ɓangaren da baƙo ba ya shiga don ya ga dama. Gidan Nassarawa maƙabartar sarakuna ce, a nan aka rufe Alhaji Ado Bayero a 2014, kuma da rikicin sarautar Kano ya tashi a watan Mayun 2024 an girke jami'an tsaro a ƙofarsa.

Inda aka tanada don baƙi shi ne Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan ƙasa da Hanns Vischer ya zauna a ciki lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, da farfajiyarsa mai itatuwa. A kan hanya kuma akwai lambun Ƙofar Gamji a Kaduna, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, inda aka sake kafa 'yar gadar ƙarfen Lugga da aka kwanto daga Zungeru. Fanisau ana zuwa, amma da sallama: a nemi masu kula da gidan, a gaisa, a tambaya kafin a ɗaga waya. Ranar hawa ce ta fi kyau, sai dai a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan Sallah a Kano saboda tsaro, don haka mai niyya ya bincika tukuna kafin ya biya kuɗin mota.